Layin da Kawu Ya Ja Ta Tsakar Gidanmu

A unguwarmu ba kasafai ake kiran kawuna da sunansa ba. Jan Fenti ake ce masa, kuma ba don ƙauna aka laƙaba masa ba. Ƙanin mahaifiyata ne, ciki ɗaya, ita ta goya shi. Aikinsa a hukumar tsara birni shi ne ya bi bayan safiyo da gwangwani da burushi, duk ginin da aka nuna masa ya zana masa jar alama a bango. Wanda ya fito ya ga wannan alama a katangarsa ya san katafila tana tafe.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai son raha. Babu rigarsa da ba ta da ɗigon ja, har matarsa ta haƙura da dirza su. Idan ya shigo layinmu a kan tsohon babur ɗinsa, maƙwabta sai sun leƙo su ga ko da gwangwani a baya. Mai gyaran rediyo da ke bakin layi yakan ɗaga murya ya ce, "Jan Fenti, ziyara ce ko aiki?"

Shi kuma ya ce, "Kwantar da hankalinka, ziyara ce. Ranar aiki ba na yin sallama."

A yi dariya a watse, amma dariyar ba ta kai wa kowa ciki.

Ya haura arba'in lokacin da abin ya same shi. An tura su wata unguwa da za a faɗaɗa titi, ya shafa wa shaguna fenti a jere har ya iso na wani tsohon tela. Tsohon ya fito da awo a wuya. Bai zage shi ba, bai roƙe shi ba. Ya dubi alamar, ya dubi tsallaken titi inda babu komai sai juji, ya ce, "Ɗana, tambaya ɗaya. Me ya sa layin ya biyo ta kan shagona bai bi ta wancan fili ba?"

Kawu ya ba shi amsar da yake ba kowa: "Baba, daga sama aka turo."

"Wace saman? Ta Ubangiji ko ta benen ofishinku?"

Kawu ya ce mana a duk zagin da ya sha a wannan aiki, babu wanda ya tsaya masa a rai kamar wannan tambaya. Ya tambayi safiyo, safiyo ya ce shi aunawa ce tasa. Ya tambayi injiniya, injiniya ya ce shi gini ne nasa, masu tsara birni ne ke jan layi. Sai ya hau bene. Shekarunsa nawa a ma'aikatar, ranar ce ya fara shiga ɗakin zane. Ya tarar da samari da 'yan mata a gaban manyan taswirori, sanyin na'ura yana kaɗa su. Ya tambayi wanda ke kusa da ƙofa ta ina ake bi a zauna a wannan kujera. Saurayin ya yi murmushi ya ce ta jami'a.

Da ya zo wa Umma, mahaifiyata, da maganar, tana tsintar ƙwallayen auduga daga wata tsohuwar matashiya. Ba ta ko ɗago ba.

"Kai da furfura ta fara leƙo maka? 'Yarka ce ya kamata ta yi wannan magana."

"Yaya, na gaji da shafa abin da ban san dalilinsa ba."

"To, dalilin zai ƙara maka tsawo ne?"

Haka take, bakinta ba ya yabo. Amma da ya sake zana jarrabawar lissafi ta sakandare don neman shiga jami'a, a ɗaki ɗaya da sa'o'in 'yarsa, ya faɗi, Umma ce ta aika a kira shi ta ce in ya kuskura ya janye kada ya ƙara taka mata gida. Da ya ci a karo na biyu kuma ya sami gurbi a sashen tsara birane, sai ta sa aka fito da wani tsohon ƙyauren katako daga ɗakin ajiya, kafinta ya goge shi ya yi sumul, ta ce a kai masa ya riƙa zane a kai.

Ranar da ya fara shiga aji, ɗalibai suka miƙe tsaye, sun ɗauka malami ne. Ya ce ya ɗan bar su a tsaye kafin ya nemi benci, don ya san ba za su sake yi masa ba. Daga ranar suka sa masa Baban Aji.

Karatun bai zo masa da sauƙi ba. Hannunsa ya saba da babban burushi, in ya danna fensir sai bakin ya karye, in ya ja layi sai takarda ta yage. Linzamin kwamfuta kuwa riƙon guduma yake yi masa, sai da 'yarsa ta zaunar da shi ta koya masa, tana cewa, "Baba, a hankali, ba gudu zai yi ba." Safiya yana ofis, yamma yana aji, ranar hutu yana durƙushe a kan ƙyauren nan yana yanka kwali yana haɗa ƙananan gidaje, gam duk ya manne masa yatsu.

Mai koya musu zanen unguwa wata mace ce siririya mai tabarau, ya girme ta nesa ba kusa ba. Malama kawai yake ce mata, kuma in ya ambace ta sai ya gyara zama. Aikin farko da ta ba su shi ne su tsara sabuwar unguwa a fili wanda babu komai. Kawu ya ce ai nan ne wurinsa. Ya ja tituna miƙaƙƙu, masu faɗin da har abada ba za a ce a rushe gidan wani don a ƙara su ba. Gidaje gefe guda, kasuwa can nesa ita kaɗai, makaranta can wani gefen. Tsaf, kamar an yanka da reza. Ya kafe zanen a allo yana jiran yabo.

Malama ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗora yatsa a kan wani gida ta ce, "Baba, ga wata mata a nan da goyo, rana ta take, sabulu ya ƙare mata. Nuna mini hanyarta."

Ya bi da yatsa, ya bi, ya tsallaka babban titi, ya sake tsallaka wani.

"A ina za ta sha inuwa? Wa za ta gaisa da shi a hanya? In yaron ya yi kuka, a ina za ta zauna?"

Ya sauke yatsansa daga kan zanen.

"Motoci za su ji daɗin unguwar nan," in ji ta. "Saura mutane."

Ya zo gidanmu ranar yana huci, wai yarinyar da aka haifa jiya. Bai gama shan shayinsa ba ya ce, "Amma fa gaskiya ta faɗa." Daga baya ta tura su su zauna a mahaɗar tituna, kada su zana komai, su kalli mutane kawai: ta ina suke tsallakawa, a ina suke tsayawa hira, wace kwana ce mata ke gudu. Wannan ya shiga ransa sosai. Ya zama ba ka da ikon tafiya da shi a ƙafa ba tare da ya tsayar da kai ya nuna maka inda ya kamata a dasa bishiya ba. In ya zo gidanmu ya fara bayanin ta inda iska ya kamata ta shigo, Umma takan ce, "Malam, sha shayinka, tagar nan ta girme karatunka."

A shekararsa ta biyu ya gano amsar tambayar tsohon telan. A ƙarƙashin jujin nan babban bututun ruwan gari ya bi, ba a ɗora titi a kansa. Layin yana da dalili, kawai babu wanda ya ga tsohon ya isa a gaya masa. Kawu ya yi ta cigiya har ya same shi a wata rumfa a bayan kasuwa, ya zauna a gefen kekensa ya zana masa a bayan kwalin zare. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Da haka aka ce mini tun farko, da na tafi ba tare da ciwon rai ba." Kawu ya ce wannan zaman ya fi masa lakca goma.

Unguwarmu a kwari take. Duk damina ruwa sai ya shigo mana, mu ɗora buhuna da akwatuna a kan gado, mu kwashe ruwan da bokiti. Kowane bango yana da zoben datti daidai gwiwa. Ni a lokacin ina koyarwa a firamaren unguwar, kuma akwai makonnin da ba ma buɗe aji saboda laka. Hukuma tana da wani tsohon tsari a ajiye: babban titi da magudana a tsakiya, wanda zai share layi biyu na gidaje har da rabin makarantarmu. Kowa ya san da shi, kowa yana addu'ar kada a tuna da shi.

Da aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi aikin kammala digiri, Kawu ya zaɓi unguwarmu. In an fara ruwa mutane na gudu su fake, shi sai ya zura takalmin roba ya fita yana bin ruwan, ya ga ta ina yake son wucewa. A ɗakin karatu na jami'a ya samo wani tsohon hoto da aka ɗauka daga jirgi, tun unguwar tana gonaki. Ashe rafi ne a wurin. Mutane ne suka cike shi suka yi gini, ruwan kuma bai manta hanyarsa ba. Ya ga cewa in aka buɗe wa rafin tsohuwar hanyarsa, aka gina masa bango, ba sai an yi babban titi ba. Makaranta za ta tsira, yawancin gidaje za su tsira, kaɗan ne za a taɓa.

Sai dai hanyar rafin ta bi ta bayan gidanmu, ta kan ɗakuna biyu da mahaifina ya gina da hannunsa kafin ya rasu. Ɗaya daga ciki shi ne ɗakin Umma.

Matarsa ta gaya mini ya zana ya goge har takarda ta huje. Ana iya karkata layin ya bi ta gidan mai burodi, maƙwabcinmu, amma sai an yi kwana mai tsini, kuma a irin wannan kwana ruwa ke tsallake bango ya faɗa wa gidajen da ke ƙasa. Wani abokin karatunsa ya ce, "Baban Aji, ɗan lanƙwasa shi mana, wa zai sani?" Kawu ya ce ruwan zai sani. Malama ta kira shi gefe ta ce in abin ya yi masa nauyi za ta sauya masa unguwa, babu laifi a ciki. Ya yi godiya, ya ce in ya bari wani ne zai ja layin, kuma wanin ba zai tsaya bin ruwa da ƙafa ba.

Da la'asar ya zo. Ina nan a tsakar gida ina duba littattafan yara. Ya gaishe da Umma, ya ƙi hawa kujera, ya durƙusa ya shimfiɗa takardar a gabanta, ya danne gefunan da takalmansa. Ya nuna mata makaranta, ya nuna mata gidan mai burodi, ya nuna mata shuɗin layin. Ba ta iya karatun taswira ba, amma ta gane tun kafin ya gama.

"Ɗakina ne wannan?"

"Shi ne, Yaya."

"Da na yara?"

"Da shi."

Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. "Abin da ka je koyowa ke nan? Da bare kake shafa wa, yanzu ka sami ilimin da zai kai ka gidan 'yar'uwarka."

"Yaya, na nemi wata hanya, wallahi na nema. In na kauce miki, ruwan zai sauka a kan mutanen ƙasa, kuma su da ƙananan yara."

"Mutumin da ya gina ɗakin nan shi ya saya maka babur ɗin da kake hawa."

"Ban manta ba."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya naɗe takardarsa ya fita. Daga ranar ta daina yi masa magana. Duk mako sai ya zo gaisuwa, ta amsa a taƙaice ta juya masa baya. Shi kuma bai fasa zuwa ba, bai kuma aiko kowa ya ba ta baki ba. Ya kare aikinsa a gaban malamai, ya ci da kyau. Ranar da aka ba su takardar digiri ni na je da matarsa da 'ya'yansa, ya yi ta waiwaye cikin taro, hular digirin tana zame masa, har ya gane Umma ba ta zo ba. Aka mayar da shi bene, aka ba shi ɗan tebur kusa da ƙofa. Aikin nasa kuwa aka jera shi a kanta tare da na sauran ɗalibai.

Bayan damina biyu aka yi ruwan da ya fi na kullum. Katangu suka zube, ruwa ya ja wata yarinya daga ƙofar gidansu, da ƙyar aka cafko ta a bakin kwalbati. Hukuma ta tashi tsaye, aka karkaɗe tsohon tsarin babban titi. Kawu bai da muƙamin da zai sa a gayyace shi taron, amma ya roƙi darakta ya ba shi ɗan lokaci, ya shiga da zanensa. Injiniyoyi suka duba lissafinsa suka ce kwalbatin da ya sa a ƙarshen unguwa ya yi ƙanƙanta. Ya duba ya ga haka ne, ya gode musu, suka gyara tare. Darakta ya ce ya amince, da sharaɗin Kawu da kansa zai je ya fuskanci mutanen.

A ajina aka yi taron. Muka haɗa teburan yara, ya ɗora wani abu da ya kwaɓa da siminti: unguwarmu ce gaba ɗaya, da tudunta da kwarinta, kowane gida da ɗan katako a wurinsa. Mutanen da suka shigo da shirin faɗa suka ɓige da neman gidajensu. "Ga nawa!" "Kai, nawa ya fi haka girma." Ya ɗauko buta da ruwan da ya zuba wa shuɗi, ya tsiyaya daga sama. Ruwan ya bazu ya shiga ko'ina. Ya cire wasu 'yan katakai, ya buɗe hanyar da ya sassaƙa, ya sake tsiyayawa. Ruwan ya bi ta ya fice.

Duk da haka hayaniya ta tashi, don waɗanda aka cire wa katako sun ga nasu a hannunsa. Ya tsaya ya amsa wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, bai ce wa kowa daga sama aka turo ba. Can mai gyaran rediyo ya miƙe.

"Duk mun ji. Amma nuna mana gidan yayarka. Mun san a nan layin zai yi kwana."

Kawu ya buɗe tafin hannunsa. "Ga ɗakunanta biyu. Su na fara cirewa."

Sai na ji muryar Umma daga baya. Ban ma san ta zo ba, tana zaune a kan bencin 'yan aji ɗaya.

"Gaskiya ne," ta ce. "Ya gaya mini tun kafin ku ji. Ban huce ba har yanzu, kada wani ya ɗauka na huce. Amma ƙanina ba ya ƙarya."

Ta gyara mayafinta ta fita. Kawu ya sunkuyar da kai yana goge ruwan da ya zube a tebur, ya daɗe yana gogewa.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Akwai gidan da suka tashi daga unguwar, kuma har yau in sun gan shi a hanya sai su kau da kai. Ya sha zirga-zirga a ofisoshi don a sallami waɗanda aka taɓa, wasu sai da suka jira har ransu ya ɓaci. Amma an yi aikin. Yanzu akwai magudana mai bango, da hanyar ƙafa a gefenta, da bishiyoyi, da ƙananan gadoji a daidai wuraren da mata suka saba tsallakawa zuwa kasuwa, don ya zauna ya kalle su kafin ya sa.

Kafin katafila ta iso gidanmu, ya zo da kafinta suka cire kwanon rufi da ƙofofi da tagogin ɗakunan mahaifina, ko ƙusa bai bari ta ɓace ba. Ya zana wa Umma ɗaki a sama, kan ɗakunan gaba, aka mayar da tagogin nan a jikinsa. Ranakun hutu shi ke ɗaukar bulo a ka tare da leburori, da digirinsa da furfurarsa. Umma tana kallo daga inuwa, ba ta ce sannu ba, amma kwanon abincin da take aika wa magina kullum da guda a ware.

Damina ta zo, aka yi ruwa mai ƙarfi, muka tsaya a taga muna kallonsa yana wucewa a hanyarsa. Tsakar gidanmu ko tabarma ba ta jiƙe ba. Washegari Umma ta ce in kira mata Kawu. Ya zo a guje, ya same ta zaune a tsakiyar matakala, ta dafe gwiwa.

"Zo nan, mai ilimi," ta ce. "Duk shekarun da ka yi a jami'a ba a koya maka cewa gwiwa tana tsufa ba? Wannan matakala ce ko tsanin masu gyaran wuta?"

Ya zaro awo daga aljihu ya gwada tsayin taki ɗaya, ya sosa ƙeya. Don ya rage wa matakalar cin fili a tsakar gida ya sa ta yi tsaye da yawa.

"Laifina ne, Yaya. Za a fasa a sake. Zan sa miki abin dafawa, da wurin hutawa a tsakiya."

"Da kujera."

"Da kujera."

"To. Kama ni in tashi."

Ya miƙa mata hannu, ta dafa kafaɗarsa, suka sauko a hankali tana yi masa faɗan ya rame. Da suka iso ƙasa ta ce mini in ɗora shayi, in kuma ɗauko kofin baƙi, na cikin kabad.